Amsoshin Tambayoyinku: Don Me Za a Zaunar da Ni da Dangin 'Yar Riƙona?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune a Melbon ta ƙasar Ostireliya da maigidana da 'ya'yanmu biyu. Mun yi rajistar karɓar riƙon yaran da hukuma ta raba da iyayensu, aka kawo mana wata yarinya 'yar shekara 14, cikin 'yan asalin ƙasar da ake kira Aborijin. An ce na ɗan lokaci ne, ga shi an doshi shekara. Ba abin da na yi wa 'ya'yana da ban yi mata ba, amma ba ta kallon idona, magana kuwa daga e sai a'a, kuma ta sha sulalewa daga makaranta ta hau jirgin ƙasa zuwa gidan kakarta. Yanzu jami'ar da ke kula da lamarinta ta ce za a fara mana zaman jinyar iyali: ni, maigida, yarinyar, kakarta, wata innarta, da wani ma'aikaci daga ƙungiyar Aborijin. Abin ya ɗaure mini kai. Kotu ce ta ɗauke ta daga hannun mutanen nan, don me za a zaunar da ni da su? Me ake yi a irin wannan zama? Ko dabarar karɓe ta ce? Mu a gida riƙo ba baƙon abu ba ne, ni kaina a hannun goggona na tashi, ban taɓa jin an kai mu wurin likitan ƙwaƙwalwa ba.

Daga wata 'yar'uwa a Melbon.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba da lada, domin buɗe wa ɗan wani ƙofa a ƙasar da kowa ke fama da kansa ba ƙaramin abu ba ne. Bari in fara da maganarki ta ƙarshe, don a nan bakin zaren yake. Da kika tashi a hannun goggonki, wa ya kai ki? Mahaifinki ne, ko kuwa kakarki ta yanke magana aka bi. Kin san gidanku, kin san ɗakin mahaifiyarki, ana kai ki da Sallah, in an yi haihuwa ko rasuwa da ke ake tafiya. An ba goggo ke ne don a ƙara ɗaure ta da ɗan'uwanta. (Ko da yake, mu faɗi gaskiya, ba kowace 'yar riƙo ce ta ji daɗi ba, da yawa a talla da wanke-wanke suka ƙare, ba wanda ya tambaye su ya suke ji.) Yarinyar da ke gidanki kuwa, babu wani a danginta da ya ɗauko ta ya ba ki. Jami'ai ne suka zo da takardar kotu, kuma a wurin mutanenta irin wannan zuwan yana da dogon tarihi.

Tun 1869 majalisar Biktoriya, jihar da kike zaune, ta yi dokar da ta ba wata hukuma iko a kan inda Aborijin za su zauna, aikin da za su yi, da yadda za a yi da 'ya'yansu. A 1886 aka ƙara wata dokar da ta kori waɗanda suka haɗa jini da Turawa daga matsugunan da aka killace su, irin su Coranderrk, aka tsaga gida ɗaya biyu. Sauran jihohi suka bi sahu. Daga wajen 1910 zuwa 1970 aka yi ta kwasar yara, musamman masu hasken fata, ana kai su gidajen mishan da na gwamnati ko a ba Turawa riƙo. 'Yan mata a koya musu aikatau, maza aikin gona da kiwo. A hana su yarensu, wasu a canza musu suna, wasu a ce musu iyayensu sun mutu alhali suna raye suna nemansu. Binciken ƙasa da Ronald Wilson da Mick Dodson suka jagoranta, wanda aka gabatar wa majalisar tarayya a watan Mayun 1997, ya ƙiyasta cewa tsakanin yaro 1 cikin 10 zuwa 1 cikin 3 aka raba da danginsa a wannan tsakanin. Sai ranar 13 ga Fabrairun 2008 Firaminista Kevin Rudd ya miƙe a majalisa ya nemi gafara.

To ki lissafa shekarun kakar nan. In ta kai sittin da wani abu, abin a idonta aka yi: ko ita aka ɗauka, ko wani a ɗakinsu, ko kuwa tana cikin waɗanda ake ɓoyewa in an hango motar hukuma. Kuma masu kwasar yaran na wancan zamani ba su taɓa cewa mugunta suke yi ba, kullum cewa suke don amfanin yaran ne. Saboda haka duk ranar da kika ce mata "ni dai amfanin yarinyar nake so," ki san ba yau ta fara jin wannan jimla ba.

Akwai mawaƙin nan Archie Roach, wanda ya rasu a 2022. Yana ɗan ƙaramin yaro aka ɗauke shi daga matsugunin Framlingham, nan cikin Biktoriya. Bayan ya sha wuya a wasu gidajen, ya faɗa hannun wasu baƙi 'yan Sikotland a Melbon, suka riƙe shi da mutunci, a gidansu ya fara son kiɗa, kuma har ya mutu bai daina ambatonsu da alheri ba. Amma yana wajen shekara 15 wasiƙa ta iso masa daga wata yayarsa da bai ma san da ita ba, tana shaida masa mahaifiyarsu ta rasu. Ya bar gidan ya shiga neman danginsa, ya yi shekaru a titi da kwalba a hannu kafin ya dawo hayyacinsa ya yi waƙarsa ta 1990 a kan kwashe yaran, wadda ta girgiza ƙasar. Na kawo shi ne don ki ga cewa kyautatawar mariƙi, komai yawanta, ba ta kashe tambayar "ni ɗan wane ne," kuma shekarun da 'yarki take ciki su ne shekarun da tambayar ke tashi.

Abin bai zama tarihi ba tukuna. A 'yan shekarun nan yaran da ke riƙon hukuma a Ostireliya sun kai wajen 45,000, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 nasu 'yan asalin ƙasa ne, alhali ba su wuce wajen kashi 6 na yaran ƙasar ba. Biktoriya tana cikin jihohin da abin ya fi muni. An kuma ga inda hanyar take ɓullewa: kwamitin da ya binciki mutuwar Aborijin a hannun 'yan sanda da gidajen yari, wanda ya gama aiki a 1991, ya duba mutum 99, ya tarar 43 an raba su da iyayensu tun suna yara.

Wannan ne ya sa matan Aborijin irin su Mollie Dyer suka tashi a shekarun 1970 suka kafa ƙungiyar VACCA mai kula da yaran Aborijin a Melbon, suka yi ta gwagwarmaya har aka shigar da wata ƙa'ida cikin dokokin jihohi. Ƙa'idar ta ce in dole ta sa an ɗauke yaro, a fara neman danginsa, in ba a samu ba mutanen al'ummarsa, in ba a samu ba wani gidan Aborijin, sannan daga ƙarshe wanda ba Aborijin ba, shi ma da sharaɗin ba za a yanke yaron daga danginsa da al'adarsa ba. A wannan jeri, Hajiya, gidanki ne na ƙarshe. Kasancewarki baƙar fata bai matsar da ke gaba ba, domin ba launi ake dubawa ba. Yarinyar 'yar wata al'umma ce takamaimai, ko Yorta Yorta, ko Gunditjmara, ko Wurundjeri, ko wata daban, mai ƙasarta da kogunanta da kaburburan kakanninta. Sada ta da su yana cikin amanar da kika sa wa hannu.

Sannan ki gyara abu ɗaya a tambayarki. Galibi daga hannun uwa ko uba kotu take ɗauke yaro, ba daga hannun dangi gaba ɗaya ba. Sau da yawa kaka takan nemi a ba ta, a hana ta saboda gidan ya yi kaɗan, ko rashin lafiya, ko tana riƙe da wasu jikokin, ko wani da ke kwana a gidan yana da tsohon laifi a takarda. Ba lallai ne matar da za ki zauna da ita ta taɓa cutar da yarinyar ba.

Shi kuwa zaman jinyar iyali, ba na masu taɓin hankali ba ne, ba a kuma rubuta magani a wurin. A Amurka ya samo asali a shekarun 1950 da 1960. Ɗaya daga cikin jagororinsa, Salvador Minuchin, yana aiki ne a wata makarantar kangararrun yara maza a jihar Niyok, aka lura yaro yakan gyaru a makarantar, ya koma gida, ya dawo yadda yake. Sai suka fara kiran gidan gaba ɗaya. Tunanin shi ne halin yaro sau da yawa amsa ce ga wani abu da ke tsakanin manyan da ke kewaye da shi, don haka gyaran yaro shi kaɗai aikin baban giwa ne.

Ki dubi 'yarki da wannan ido. In ta ci tuwonki ta yi dariya da 'ya'yanki, zuciyarta ta ce mata ta ci amanar uwarta. In ta je gidan kaka ta ji daɗi, ta dawo ta tarar da ke cikin tashin hankali an kira 'yan sanda, ta ji ta zama butulu. Duk inda ta juya laifi ne, sai ta zaɓi shiru. Abin da takardar hukuma ta rubuta "ta gudu," a gidan kakar "ta zo gida" ake ce masa, kuma dukansu biyun gaskiya ne. Babban aikin mai jagorantar zaman shi ne ya kai ku inda yarinyar za ta ga da idonta kakarta da ke kuna shan shayi kuna tsara ranar da za ta je da ranar da za ta dawo. Tana bukatar ta ji daga bakin kakarta cewa ba laifi ta saki jiki a gidanki, ta kuma ji daga bakinki cewa kewar mutanenta ba raini ba ne gare ki. Ba wani likita da zai iya furta waɗannan kalmomi a madadinku, shi ya sa ake kiran kowa.

Wanda ya san aikinsa ba ya tara ku rana ɗaya. Yakan fara ganin kowa shi kaɗai, ya tambayi ma'aikacin ƙungiyar Aborijin wa ya kamata a kira, wa kuma bai kamata a haɗa da wa ba. Mai yiwuwa ma ba a ofis za a zauna ba, don ofis mai tebur da tarin fayil ƙamshin hukuma yake yi wa kaka. Ana iya zama a asibitin al'ummarsu, ko a lambu, ko a kicin ɗin kakar. Zaman farko yana iya ƙarewa kacokan a kan "su wa ne mutanenki, daga ina kuka fito," ba a taɓo matsalar ba ko kaɗan. Kada ki ɗauka ɓata lokaci ne, haka suke buɗe magana, kamar yadda mu ma ba ma faɗa wa bukata sai gaisuwa ta ƙare. Ke ma za a tambaye ki. Ki ba su labarin garinku da na goggonki, domin Baturiyar jami'a ba ta da irin wannan labari, ke kuwa kina da shi.

Daga nan akan shimfiɗa babbar takarda a zana dangi. A nan ne mai jagora wanda bai san su ba yake tuntuɓe, don ya saba da zanen uba da uwa da 'ya'ya biyu. A wurin Aborijin da yawa 'yan'uwan uwa mata iyaye ne, 'ya'yansu kuma yayye da ƙanne ne, kuma kowane dattijo na al'umma kawu ne ko goggo ko da ba a haɗa jini ba. Ke wannan ba sai an yi miki bayani ba. Ki dai sani innar da kika ambata, a lissafin yarinyar, wataƙila uwa ce cikakkiya, a haka za ki girmama ta. A zanen za a ga gurabe babu kowa, wuraren da aka cire wani ba a sake jin ɗuriyarsa ba, irin waɗanda ƙungiyoyin Link-Up suke bin sawunsu tun 1980. Akan samu yarinya ta fara jin labarin kakarta a irin wannan zama, ta gane cewa uwarta ma a riƙon hukuma ta tashi, haka uwar uwarta. Wadda ta daɗe tana ce wa kanta "uwata ba ta so na" sai ta sami wata hanyar fahimtar abin da ya faru. Amma kakar ce ke da ikon lokacin da za ta buɗe wannan baki, ba a matsa mata. Ki kuma kiyaye sunayen mamata da hotunansu, domin a al'ummomi da yawa akan daina ambaton sunan wanda ya rasu na wani lokaci. Ki tambayi ma'aikacin yadda nasu yake.

Ki tambaya kuma ko tana da ƙanne ko yayye a wasu gidajen. Wani bincike da aka yi a Biktoriya a kan yaran Aborijin kusan 1,000 da ke riƙo, wanda aka fitar da rahotonsa a 2016, ya tarar wajen kashi 40 na masu 'yan'uwa an raba su da 'yan'uwansu na ciki ɗaya. Ba mamaki ba kakar kaɗai take zuwa gani ba.

Maganar ido ta ɗan ba ni dariya, ki gafarce ni. Ke da kika tashi ba kya haɗa ido da surukinki, yau ke ce ke kukan yarinya ta sunkuyar da kai? A gidajensu da yawa ƙura wa babba ido rashin ladabi ne. Ban ce tabbas hakan ne a wurinta ba, don 'yar birni ce, abin yana iya zama tsoro ko fushi, amma kada ki yi saurin fassara shi da ƙiyayya. Haka tambaya kai-tsaye, irin "me ke damunki," ba ta cika haifar da komai ba. Ware yaro a gaban jama'a, ko da don yabo ne, kunya ce mai nauyi a wurinsu. Za ki ga mai jagoran ya bar shiru ya yi tsawo bai cike shi ba, ko ya ba ta fenti da takarda yana hira da manya tana sauraro. A gida ma maganar takan fito ne a mota ko wurin yanka albasa, lokacin da ba wanda ke kallon wani.

Akwai wata hanya da aka haifa nan Ostireliya da za ki iya cin karo da ita. Michael White na cibiyar Dulwich a Adeled da David Epston na Niyu Zilan ne suka tsara ta, littafinsu ya fito a 1990. Suna raba mutum da matsalarsa. Maimakon a ce yarinya mafaɗaciya ce, sai a tambaye ta yaushe fushin yake kawo mata ziyara, me yake sa ta yi, yaushe ta taɓa fin ƙarfinsa, wa ya koya mata hakan. Dattawan Aborijin irin su Barbara Wingard sun rungumi wannan hanya suka gyara ta da nasu salon, kuma dalilin a fili yake: yarinya kamar taki tana da fayil mai kauri da wasu suka rubuta a kanta, duk shafinsa gazawa ce, tata ko ta iyayenta. Ana neman labari na biyu ne, na waɗanda suka riƙe juna duk da abin da aka yi musu. Wani reshen hanyar ma daga Afirka ya zo, wanda Ncazelo Ncube ta tsara wa marayun cutar ƙanjamau a kudancin nahiyar, inda yaro ke zana rayuwarsa a siffar bishiya, saiwa asalinsa, ganye mutanensa. A ganina sunan hanyar bai kai wanda ke riƙe da ita muhimmanci ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Ostireliya da kanta ta nemi gafarar Aborijin a 2016 saboda gwaje-gwaje da jinyar da ta yi musu ba tare da la'akari da al'adarsu ba. Cibiyar Bouverie ta jami'ar La Trobe, nan Melbon, tana horar da ma'aikatan Aborijin a wannan fanni. Ki lura ko ma'aikacin ƙungiyar abokin jagoranci ne a zaman, ko kuwa an ajiye shi ne a gefe don a ce an gayyace shi.

Kada kuma tarihi ya rufe miki ido. Rahoton 2016 ɗin nan ya ce kashi 88 na yaran sun ga tashin hankali a gida, kuma shugabannin Aborijin ba su musa cewa akwai yaran da barinsu a gida haɗari ne ba. Wanda ya cutar da ita ba a zaunar da shi da ita da sunan sulhu, kuma tana da damar ta ce ba za ta shiga ba. In kika ji ta ambaci cutar da kanta, ko kika ga tabo a hannunta, kada ki jira ranar zama. Kashe kai yana kan gaba cikin abubuwan da ke hallaka yara da matasan Aborijin. Ki sanar da jami'ar nan take, akwai kuma layin agaji na 13YARN da Aborijin ke amsawa dare da rana.

Saura tambayarki mai zafi, ta ko dabarar karɓe ta ce. Mai jagorantar zaman ba shi ke yanke inda yarinya za ta zauna ba, wannan hurumin Kotun Yara ne da ma'aikatar gwamnati da ke kula da lamarin yara. Akwai ma wani taro daban da ake kiran dangi da dattijon al'umma don tsara makomar yaro, wanda aka aro tsarinsa daga dokar Niyu Zilan ta 1989 da ta ɗauko shi daga al'adar Mawori. Ki tambayi jami'ar wanne aka gayyace ki, me za a rubuta, wa zai karanta. Amma ba zan ɓoye miki ba: manufar tsarin ita ce a mayar da yaro ga danginsa in an sami aminci, har gwamnatoci suka sa hannu a 2020 cewa za su rage wannan rinjaye na yaran 'yan asalin ƙasa a riƙo da kashi 45 kafin 2031, duk da alƙaluman ƙara hawa suke yi. Tana iya komawa, kuma zai yi miki ciwo. Addininki ma ya riga ya shirya ki, don a Suratul Ahzab, aya ta 5, an umarta a danganta 'ya'yan riƙo ga iyayensu na asali. Sunanta da addininta ba naki ba ne ki canza. In an yi musu rasuwa za ta iya bukatar tafiyar kwanaki zuwa ƙauyensu har ta rasa makaranta. Ki taimaka a shirya tafiyar, in an yarda ki raka ta, zumunci a ƙafa yake.

Kafin zaman farko ki nemi kwafin shirin al'adarta. Dokar Biktoriya ta wajabta a rubuta wa kowane yaron Aborijin da ke riƙo irin wannan takarda, mai bayyana al'ummarsa da danginsa da yadda za a riƙa sada shi da su, amma akan yi sakaci da ita. In babu, ki tayar da maganar a gaban ma'aikacin ƙungiyar. Ki kuma fara tambayar abin da zai biyo bayan shekara 18, lokacin da umarnin kotu ke ƙarewa. Tun 2021 jihar ta buɗe tallafi har zuwa shekara 21 ga masu fita daga riƙo, ko sun ci gaba da zama da mariƙansu ko sun kama nasu wurin, kuma ana fara shirin ne tun kafin yaro ya cika 16.